Yadda Ƙaramin Ɗan Kasuwa a Zariya Zai Tallata Hajarsa a Intanet Ba Tare da Ya Ƙona Jari Ba

Biyan kuɗin talla ba shi ne matakin farko ba. Mai shago a Sabon Gari ko mai sana'ar cikin gida a Tudun Wada kan ji an ce wane ya biya Facebook ciniki ya buɗe masa, sai shi ma ya tura kuɗi. Kwana uku su ƙare, ya tashi da ɗaruruwan masu yaba hoto, amma ko mutum ɗaya bai sayi komai ba. Galibi ba tallar ce ta gaza ba, an kira mutane ne tun ba a gyara inda za su sauka ba. Shi ya sa na sa abubuwan da ba sa cin ko sisi a gaba, na kuɗi su biyo baya. Ina roƙon mai karatu kada ya tsallake zuwa ƙarshe.

Mataki na farko: wace Zariyar kake sayar wa?

Zariya ba kasuwa ɗaya ba ce. Samaru da Kongo suna tafiya ne da kalandar Jami'ar Ahmadu Bello. Idan ɗalibai sun dawo, mai abinci da mai gyaran waya da mai buga takardu da mai katifa duk hannunsu a cike yake, idan an tafi hutu kuwa layuka su yi tsit. Duk wanda ya ga watanni takwas na yajin aikin malaman jami'a a 2022 ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Cikin birni lissafin daban ne: azumi, Sallah ƙarama da babba, hawan Sallah, lokacin bukukuwan aure. Masu ɗinkin manyan riguna da aka san birnin da su ma, da yawa daga masu sayen kayansu suna Kano ne da Kaduna da Abuja da Legas. A Shika akwai asibitin koyarwa, inda baƙi daga garuruwa masu nisa ke neman masauki da abinci da mota. Sannan ga manoman Giwa da Soba da Makarfi da Kudan, waɗanda ke shigowa neman iri da taki da maganin feshi gab da faɗuwar damina.

Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya tak: wa nake so ya saya, me zai saya, a wane lokaci, daga ina. Misali, “ɗaliban shekarar ƙarshe a Samaru, buga kundin bincike da ɗaure shi, makonnin ƙarshe na zango.” Ko kuma, “magidanta a Abuja da Kaduna, babbar riga ɗinkin hannu, daga watan Sha'aban.” Idan amsarka ita ce kowa da kowa, to ba ka gama tunani ba tukuna. Duk zaɓin da za ka yi nan gaba, na hoto da na kalma da na yanki, daga wannan jimlar zai fito.

Mataki na biyu: gyara WhatsApp, domin can ciniki ke ƙarewa

Ko daga Google mutum ya gan ka, ko daga Facebook, ko daga TikTok, a WhatsApp zai yi maka magana. Sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ka ba shi layi na musamman wanda ba na hirar dangi ba. Cike komai: sunan sana'a, unguwa, lokacin buɗewa da tashi. Akwai wurin jera kaya da hoto da farashi, wanda ke ɗaukar har kaya 500. Ba sai ka cika shi ba, goma masu kyau sun fi ɗari masu duhu.

A kan hoto zan ɗan daɗe, domin nan aka fi sakaci. Goge idon kyamarar da gefen riga. Fito da kayan bakin ƙofa ko inuwar tsakar gida da hantsi, kada ka ɗauka a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki da daddare, yana sauya launin shadda har mai saye ya ce ba wannan ya gani ba. Shimfiɗa farin ƙyalle ko tabarma mai tsabta. Idan riga ce, ɗauki hoto uku: gaba ɗayanta, sai wuya da aljihu kusa-kusa yadda za a ga zaren, sai bayan aikin, domin mai sanin ɗinki ta baya yake gane na hannu. Idan turaren wuta ne ko yaji, riƙe kwalbar a hannu a ga girmanta. Kada ka taɓa ɗauko hoton wani a intanet ka ce naka ne. Ranar da kaya suka isa hannun mai saye, ranar amana za ta ƙare.

Sai farashi. Na san dalilin da ya sa ’yan kasuwarmu ke ɓoye shi: tsoron maƙwabci ya karya, da kuma al'adar tayi da ragi. Amma wanda ke duba waya yana kwatanta ka ne da wasu biyar a lokaci guda, kuma wanda ya rubuta farashi shi ake fara yi wa magana. In kana son barin ƙofar ragi, rubuta “daga naira kaza.”

Dubi yadda amsa ke sayar da kaya. Wata ta rubuto: “Salamu alaikum Hajiya, humrar nan nawa ce?” Amsa mai kashe ciniki ita ce a yi shiru har magariba, sannan a ce “akwai.” Mai jawo shi kuwa ita ce: “Wa alaikumus salam Anti, sannu da ƙoƙari. Ƙaramar kwalba kaza ce, babba kaza. Kina cikin Zariya ne in aiko miki yau, ko sai an sa a mota?” An gaisa, an faɗi kuɗi, an yi tambayar da za ta sa hira ta ci gaba. Manhajar na ba ka damar adana irin waɗannan amsoshi ka riƙa kiran su da taɓawa ɗaya, da saƙon maraba, da saƙon da ke fita idan ka tashi. Ga wanda karatun boko bai zauna masa ba, saƙon murya gajere ya fi rubutu.

Abu biyu kafin mu wuce. Saƙon bai-ɗaya na ɗaukar mutum 256 a jeri guda, amma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka, don haka ka riƙa cewa kowane mai saye ya adana ta. Kada kuma ka jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, yana ɓata rai, kuma idan suka yi ta kai ƙararka ana iya rufe layin. Na biyu, kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri mai alƙaluma shida, kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka ta tes, ɓarawo ne, ko da sunan wace ƙungiya ya zo.

Mataki na uku: sa shagonka a taswirar Google

Wannan kyauta ne, kuma ga mai shago a bakin hanya babu abin da ya kai shi amfani. Nemi Google Business Profile, ka shiga da adireshin Gmail naka na kanka, ba na yaron da ya taya ka ba. Sa suna kamar yadda yake a allon shago, zaɓi nau'in sana'a, sa lambar waya da lokutan aiki, har da lokacin da kake rufewa don sallar Juma'a. Tunda yawancin layukanmu da kwatance ake gane su, ja alamar taswirar da hannunka har ta zauna daidai kan ƙofar shagon, sannan a wurin bayani ka rubuta kwatancen da za ka ba ɗan acaɓa. Google zai nemi ya tabbatar da kai, sau da yawa ta gajeren bidiyo mai nuna titi da allon shago da kayan aiki.

Matan da ke sana'a a cikin gida ba dole su bayyana gidansu ba. Akwai zaɓin ɓoye adireshi a nuna yankunan da ake kai kaya kawai, kamar Gyallesu da Tudun Jukun da Kofar Doka.

Duk wanda ya ji daɗin aikinka, roƙe shi ya rubuta shaida a shafin, ka tura masa mahaɗin ta WhatsApp tun yana cikin farin ciki. Kada ka sayi shaidar ƙarya, Google ya hana, yana kuma gogewa. Idan wani ya rubuta ƙorafi, amsa masa a fili cikin ladabi, domin masu zuwa daga baya amsarka suke karantawa fiye da ƙorafin.

Mataki na huɗu: bulog

Bulog shafi ne da kake rubuta amsoshin tambayoyin da masu saye ke yi maka kullum. Ana iya buɗe shi kyauta a Blogger ko WordPress, in hali ya samu daga baya a sayi adireshi mai ƙarewa da .com.ng. Ba don kuɗin tallar da ake liƙawa a shafuka za ka buɗe shi ba. Amfaninsa shi ne mai nema ya same ka a Google ba tare da ka biya ba, ya kuma ga ka san aikinka tun bai kira ka ba.

Me za ka rubuta? Buɗe WhatsApp ɗinka ka karanta tambayoyin wata guda da ya wuce, kanun rubutunka suna nan. Mai ɗinki ya rubuta yadda ake bambance aikin hannu da na keke, da bambancin aska biyu da aska takwas, da yadi nawa ke isar babbar riga da ’yar ciki da wando, da yadda mutumin da ke Legas zai auna kansa ya turo. Mai haɗa sola ya yi bayanin abin da batir ɗaya zai iya ɗauka da abin da ba zai iya ba. Mai gidan haya kusa da jami'a ya rubuta abin da sabon ɗalibi ya kamata ya duba kafin ya biya: ruwa, wuta, nisa zuwa geti. Kowane rubutu tambaya ɗaya, amsa cikakkiya, hotunanka na kanka, sai mahaɗin WhatsApp a ƙasa. Ana haɗa shi ne da wa.me/, sai 234, sai lambarka ba tare da sifirin farko ba.

Rubutun Hausa a kan sana'o'i bai yi yawa a intanet ba, don haka wanda ya rubuta mai kyau ba ya cikin cunkoso irin na Turanci. Sai dai ka tuna yadda mutane ke bugawa a waya: wasu Zaria, wasu Zariya, kuma da yawa ba sa sa ƙugiya a haruffa. Bari duka rubutun sunan garin biyu su fito a shafinka. Yi rajistar shafin a Google Search Console, shi ma kyauta, zai nuna maka kalmomin da aka buga har aka gan ka. Bulog ba ya haihuwa da wuri, sai an yi watanni. Rubutu biyu a wata da za ka iya ɗorewa a kai sun fi goma a mako guda sannan shiru.

Mataki na biyar: tallar biya a Google

Kafin ka kashe ko kwabo, tambayi kanka: mutane suna neman abin da nake sayarwa, ko sai sun gani suke sha'awa? Wanda allon wayarsa ya fashe nema yake yi. Haka mai neman masauki kusa da Shika, da mai son a haƙa masa rijiyar burtsatse, da mai neman makaranta ko motar haya ko kek na biki. Irin waɗannan su ne na Google. Atamfa da abaya da turare da takalma kuwa ido ne ke sayensu, wurinsu Facebook da Instagram. Tallar Google kamar kafa rumfa ce a bakin tasha, inda duk wanda ya sauka da buƙatarsa ya zo.

Ga yadda take aiki. Duk lokacin da wani ya buga kalma, Google na yin gwanjo nan take tsakanin masu talla. Ba mai kuɗi da yawa kaɗai ke ci ba, ana duba yadda tallar ta dace da abin da aka nema da kuma ingancin shafin da za a sauka. Ba ka biya don an ga tallar, sai an danna ta.

Buɗe asusu a Google Ads. Kula da nau'in kuɗin da ka zaɓa tun farko, domin ba a sauya shi daga baya, ka kuma tambayi bankinka ko katinka na biyan irin wannan. Wajen zaɓen nau'in kamfen, ɗauki wanda aka rubuta wa Search, ka cire alamar da ke watsa tallar zuwa sauran shafuka da manhajoji, domin can ƙaramin kasafi ke zurarewa.

Yanki shi ne wurin da aka fi asara. Kada ka zaɓi Najeriya, kada ma ka zaɓi jihar Kaduna in aikinka na cikin gari ne. Sa alama a unguwar PZ ka ja da'ira ta kilomita 15 zuwa 20, ka duba taswira ka ga ko ta haɗa da Samaru da Shika da Ɗanmagaji. Sannan akwai zaɓi tsakanin mutanen da ke cikin yankin da kuma masu sha'awar yankin daga nesa. Mai gyaran waya ya ɗauki na farko. Mai otal ko gidan haya ya ɗauki na biyu, domin mai nemansa yana Gusau ko Jos ne yana shirin tahowa.

Hausa ba ta cikin harsunan da Google Ads ke karɓa, saboda haka tallar da shafin da take kaiwa da Turanci mai sauƙi za a rubuta su. Shiga Keyword Planner, wurin duba yawan masu neman kalma, yana cikin asusun, ka gwada kalmomi irin su “phone repair Samaru” ko “hotel near Shika Zaria.” Fara da biyar zuwa goma. Idan ka sa kalma tsirara, Google zai faɗaɗa ta yadda ya ga dama. Idan ka sa ta tsakanin alamun zance, zai tsaya kusa da ma'anarta, kuma wannan na fi ba sabon shiga shawara. Akwai kuma jerin kalmomin da ba ka so, inda za ka zuba irin su “free” da “jobs” da “admission” in ba su shafe ka ba. A garin da ɗalibai suka yi yawa kamar namu, wannan jerin kaɗai na tsare kuɗi mai yawa. Wasu kalmomin Google zai ce masu nemansu sun yi kaɗan, ya ƙi nuna su. Wannan ma ilimi ne: yana gaya maka a wannan sana'ar mutanen Zariya ba ta nan suke nema ba.

Kowane kan talla haruffa 30 ne, bayani kuma 90. Sa sunan unguwa, sa abin da ya bambanta ka, kamar gyara a rana ɗaya ko kai kaya har gida, ka haɗa lambar waya yadda za a kira kai tsaye. Tsara sa'o'in da tallar za ta fito su dace da lokacin da kake ɗaga waya. Game da kasafi, Google na iya kashe ninki biyu na abin da ka sa a rana guda, amma a wata ba ya wuce kasafin rana sau 30.4, don haka da lissafin wata za ka yanke shawara. Ana kuma ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari.

Bayan kwana uku ko huɗu, buɗe rahoton kalmomin da mutane suka buga da gaske kafin su danna. Duk wadda ba ta da alaƙa da kai, tura ta jerin waɗanda ba ka so. Wannan sharar ta mako-mako ita ce ainihin aikin.

Mataki na shida: Facebook da Instagram

A nan Hausa na aiki, kuma ita ta fi jawo hira. Buɗe shafin kasuwanci, haɗa shi da WhatsApp Business, ka zaɓi manufar samun saƙonni, ba ta tara masu yabo ba. Bidiyo na daƙiƙa 15 zuwa 30 da ke nuna hannu yana aiki, da muryarka kana faɗin farashi da unguwa, ya fi hoto mai ado da rubutu. Maɓallin Boost da ke ƙarƙashin abin da ka wallafa na da sauƙi, amma Ads Manager, wato shafin tsara talla na Facebook, ya fi ba ka iko a kan yanki da shekaru. Mai amfani da iPhone ya biya ta burauza, domin biya ta cikin manhajar na jawo ƙarin kashi 30 cikin ɗari na Apple. Gwada bidiyo biyu da kuɗi daidai na kwana biyar zuwa bakwai, ka kashe wanda ya gaza.

Masu maganin gargajiya da kayan gyaran jiki su yi hattara. Alƙawarin warkarwa da hotunan kafin da bayan amfani na sa a ƙi tallar, wani lokaci a rufe asusun gaba ɗaya, ban da abin da dokokin NAFDAC suka tanada.

Mataki na bakwai: kuɗi, aike da littafin lissafi

Asusun banki mai sunan sana'a na kwantar wa baƙo hankali fiye da na mutum, kuma rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ce ke buɗe wannan ƙofar. Kada ka saki kaya don an turo maka hoton rasit ko tes na alat, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka. In za ka sa kaya a mota a Kwangila zuwa Kano ko Funtuwa ko Sakkwato, ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, ka tura wa mai kaya tare da lambar direba, ku kuma yi magana a kan wanda zai biya kuɗin mota tun kafin a ɗaure kaya.

Sannan ka sayi littafi mai layi. Duk wanda ya yi magana, tambaye shi, “Alhaji, a ina ka gan mu?” Rubuta rana, da inda ya gan ka, da ko ya saya, da ribar da aka samu. A ce ka kashe naira 20,000 a mako biyu, mutum 40 suka yi magana, 5 suka saya. Kowane mai saye ya ci maka naira 4,000 ke nan. In ribarka a kan kowane ciniki 9,000 ce, ci gaba, ka ƙara kasafi kaɗan-kaɗan. In 2,500 ce, tsaya, sai fa idan irin masu dawowa ne duk wata, kamar masu sayen abinci ko gas. Idan masu magana sun yi yawa amma masu saye kaɗan, matsalar tana farashi ko amsa ko hoto. Idan ba a magana sam, tana kalmomi ko yanki. Sauya abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Lokacin kunnawa da kashewa ma a littafin zai fito. Mai kayan ɗalibai ya kunna mako guda kafin a dawo, ya kashe ranar da aka fara tafiya hutu. Mai taki da iri ya fara tun kafin ruwan farko. Mai ɗinki ya fara a Sha'aban, yana tuna cewa watannin Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ranakun bara ba za su yi masa aiki bana ba. Ranar da ɗinkin da ke hannunsa ya kai abin da zai iya gamawa kafin jajibiri, ya shiga ya dakatar da tallar, ya sauya saƙon maraba ya ce an rufe karɓar aikin Sallah. Dakatarwa ba ta goge komai, kalmomin da hotunan suna nan, sai ya sake kunna su bayan hawan Sallah domin aikin babbar Sallah, wadda ke zuwa bayan kimanin wata biyu da kwana goma.